Saura sati guda ranar hoto

Daren Talata, wajen ƙarfe 1:40

Maman Hassana:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ku yafe ni da rubutun tsakar dare, barci ne ya ce ba da ni ba. Talata mai zuwa nake da hoton mama na shekara, na ɓangaren dama da ya rage min. Shekara biyu da wata huɗu ke nan da aka cire na hagu saboda ciwon daji, wato kansa, na sha kemo, ƙarin ruwan maganin daji, sau takwas, aka yi min gashi da na'ura a Abuja, ga ƙwayar tamoxifen nan ta hana ciwon dawowa ina haɗiya kullum bayan isha'i. Wallahi lafiyata lau. Ina ɗinkina, ina zuwa suna da biki, har ƙiba na yi. Amma tun ranar da na ɗaga katin asibiti na ga kwanan watan ya matso, komai ya kwance min. Na yi tari sau biyu da asuba, na ce shi ke nan ya sauka huhu. Bayana ya riƙe saboda zaman keken ɗinki, na ce ya shiga ƙashi. Jiya sau biyar ina shiga banɗaki ina lalube hammatata har wurin ya yi tsami, yanzu kuma tsamin da na jawo da hannuna shi ke hana ni barci.

Na faɗa wa Baban Hassana, ya ce, "Ke da Allah ya ba ki lafiya, me kuma ya kawo wannan zance?" Surukata ta ji, ta ce rashin godiya ne. To ni dai ku gaya min gaskiya, ku ma haka kuke yi, ko ni ce imanina ya yi rauni? Har tunani nake ko in bar zuwan gaba ɗaya in huta.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Ga ni ido biyu, kin samu abokiyar hira. Ni shekara 11 ke nan, ƙananan jikokina ma ɗauka suke haka Allah ya halicce ni da ɓari guda. Amma har gobe in ranar asibiti ta matso, gishiri sau biyu nake zubawa a miya. Bara sai da na isa bakin asibiti na dubi ƙafata na ga takalmi iri biyu na sako, ɗaya na fita ɗaya na banɗaki. Abin da ya canza kawai, da tun saura wata guda nake fara rikicewa, yanzu ya dawo kwana huɗu ko biyar. Maganar barin zuwa kuwa ajiye ta tukuna, ba a yanke irin wannan shawara ƙarfe biyun dare.

Autar Zaure:
Mama ni ko warin izal na ji a gidan mutane sai zuciyata ta tashi kamar ranar kemo. Nawa hoton sai wata mai zuwa, amma tun yanzu na fara ƙirga.

Safiyar Laraba

Abu Ammar:
Allah ya ƙara lafiya iyayenmu. Ni dai shawarata a riƙe tawakkali. Abin da Allah ya rubuta babu na'urar da za ta goge shi, wanda bai rubuta ba kuma babu hoton da zai kawo shi. Wannan fargabar ƙofa ce ta shaiɗan. A yawaita azkar na safe da yamma, za a ga ta tafi. Mumini ba ya kwana ido biyu saboda takardar likita.

Baban Sadiq:
Malam Abu Ammar, in tambaye ka don Allah. Kai aka yi wa magani, ko jinya ka yi?

Abu Ammar:
Jinyar mahaifiyata na yi, Baba. Shekara uku.

Baban Sadiq:
Allah ya saka maka, jinya ba wasa ba ce. Amma na tsaye a bakin ƙofa daban, na kwance a ciki daban. Bari ka ji nawa. Dajin babban hanji aka yanke min, shekara uku ke nan. Duk bayan 'yan watanni ana ɗibar jinina a auna wani abu da suke kira CEA, sannan sau ɗaya a shekara in shiga na'urar hoto ta CT a ɗauki ƙirji da ciki. Kafin hoton sai an auna ƙoda, domin ruwan da za a ɗura maka ta jijiya ita ce ke fitar da shi. Ka zo ba ka karya ba, a miƙo maka gora a ce ka shanye a hankali. Ka cire riga da agogo, ka sa wata 'yar shara mai igiya a baya, kai da ka yi shekara 30 kana tsayawa gaban aji ana ce maka Malam. Ka kwanta, a ce ka miƙa hannuwa sama da kai, kowa ya fice, a ja wata ƙofa mai nauyi a rufe. Sai ruwan ya shiga, ka ji ɗumi ya taso daga maƙogwaro ya gangara har mara, bakinka kamar ka tsotsi kwabo, ka rantse ka yi fitsari a kwance alhali ba ka yi ba. Murya ta ce ja numfashi, riƙe. Duka-duka bai wuce minti goma ba.

Wannan mai sauƙin ke nan. Mai wuyar sai ka fito ka dubi fuskar yaron da ke zaune bayan gilashi. Shi ya ga cikinka, kai ba ka gani ba. In ya yi murmushi ka ce tausayinka yake ji, in ya ɗaure fuska ka ce ya hango wani abu. Sai a ce ka dawo nan da kwana biyar. A kwanakin nan ni nake jan sallah a masallacin layinmu, kuma ban taɓa barin azkar ba. Amma wani sa'in a raka'a ta biyu sai an yi min subhanallah. In wannan ne raunin imani, to Allah ya gafarta mana.

Hajiya Babba:
Ɗana Abu Ammar, buɗe Suratu Ɗaha ka duba aya ta 67. Annabi Musa ne da kansa, Allah ya aiko shi, ya ga igiyoyi da sandunan masu sihiri kamar suna tafiya, ya ji tsoro a ransa. Me aka ce masa? Kada ka ji tsoro, kai ne a sama. Lallashinsa aka yi. Yarinyar nan ta ƙoshi da wa'azi a gida, shi ya sa ta kawo kukanta nan.

Abu Ammar:
Na ji Hajiya, kuma na yi kuskure. Yaya Maman Hassana ki yafe ni. Abin da ya sa na faɗa, na ga yadda fargaba ta cinye mahaifiyata fiye da ciwon. Tun saura wata biyu hoto take daina cin abinci, ta rame, ta fara raba zannuwanta. Sau uku tana tara mu ta yi wasiyya, sau ukun sakamako na fitowa lafiya. Na huɗun ne bai fito lafiya ba, kuma da aka gani ɗin babu abin da aka iya yi. Har yau ina tambayar kaina ko da mun ƙyale ta ta ci sauran kwanakinta hankali kwance ya fi.

Maman Hassana:
Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara. Ba komai ƙanina, na yafe.

Baban Sadiq:
Amin. Kuma ka sauke wannan kayan daga kanka, ɗana. Da kun bar kai ta, yau wata tambayar ce za ta hana ka barci, kuma ta fi wannan nauyi.

Anti Mai Kayan Miya:
To tunda an taɓo wurin, bari in fasa ƙwai. Ni wata 14 rabona da asibiti. Ban gaya wa kowa ba, ko a zauren nan in ana maganar ranar kilinik shiru nake yi. Daga garinmu sai na shiga mota biyu, in kwana gidan 'yar'uwa, in fita kafin kiran sallar farko don in samu lamba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin motar kaɗai ya kai jarina na sati. Zuwan da na yi na ƙarshe na yini a kan benci, azahar ta wuce aka ce ba a ga fayil ɗina ba. Da aka gano shi likitan da na sani ya tashi, wani sabon yaro ya hau tambayata labarin ciwon tun daga farko kamar yau na zo. Ya rubuta min hoto da awon jini har kala huɗu. Na je wurin biya, na ji kuɗin, na ninke takardar na cusa a lalita na nufi tasha. Ga ni nan ina sayar da tattasaina, ban mutu ba. Kuma wallahi a wata 14 ɗin nan na fi samun barci. Kaza garin tone-tone take tono wuƙar yankanta.

Ummu Aiman:
Innalillahi, Anti! Wata 14? Ni kam akasinki ce. A Alƙahira aka yi min nawa aikin, kuma tun da na dawo ba na jiran likita ya rubuta. Duk wata uku nake zuwa wurin masu zaman kansu in biya a yi min CT daga wuya zuwa mara, in haɗa da gwajin jinin nan na CA 15-3. Gara in sani da wuri. Mai hali ya yi haka, wadda ba ta da hali mu haɗa mata. Kuɗi nemansu ake yi, rai kuwa ba a sayar da shi a Kwari.

Sista:
Yanzu na sauka daga aikin dare na tarar zaure ya cika. Zan faɗi abin da na sani, amma kowa likitansa ne ya san abin da ke cikin fayil ɗinsa.

Anti da Ummu Aiman, ku biyun duk kun ɗaga min hankali.

Wadda aka kama kansar mamanta ba ta bazu ba, aka gama magani, kuma ba ta jin komai, abin da ake buƙata a wurinta ba shi da yawa. Ta ga likita ya yi mata tambayoyi ya duba ta da hannu duk wata uku zuwa shida a shekaru ukun farko, sai duk wata shida zuwa shekara a ta huɗu da ta biyar, daga nan sau ɗaya a shekara. Sannan hoton mama, mamogiram, sau ɗaya a shekara. CT na duk jiki, hoton ƙashi da gwajin CA 15-3 ba sa cikin na yau da kullum, sai in wata alama ce ta sa aka nema. Ba don rowa ba ne, gwadawa aka yi. A Italiya an raba mata gida biyu, wasu ana ta yi musu hotuna da gwaje-gwaje akai-akai, wasu kuma duban likita da mamogiram kawai. Bincike biyu aka wallafa a 1994, duka suka nuna waɗanda ake ta yi wa hoto ba su fi sauran tsawon rai ba.

Ga dalilin. In ciwon ya ɓullo a maman da ya rage ko a bakin ɗinki, kama shi da wuri yana da amfani ƙwarai, ana iya sake cire shi. A nan ne mamogiram da hannun likita suke aiki. Wanda ya riga ya yi nisa zuwa ƙashi ko hanta kuwa, hango shi wata biyu kafin ya nuna alama bai cika canza lissafi ba. Sannan hasken da CT guda ɗaya ke ratsa jiki da shi ya ninka na hoton ƙirji na gama-gari sau gommai. Ga shi da tsince-tsince: tabon tsohon tari a huhu, ɗan ƙullin ruwa a hanta ko ƙoda wanda mutum zai tsufa da shi bai sani ba. Da an gani sai sabon tashin hankali da sabon kashe kuɗi.

Na Baban Sadiq kuma daban ne. Na hanji in ya koma hanta ko huhu a wuri ɗaya, ana iya yanke shi, shi ya sa ake bin sa da CEA da CT. Kada kowa ya ari jadawalin wani.

Ummu Aiman:
Sista ban ƙi taki ba, amma 1994 fa? Shekara talatin ke nan. Na'urorin yanzu ba irin na wancan zamanin ba ne, magunguna ma sun canza. Sannan ni kwanciyar hankali nake saya da kuɗina.

Sista:
Kina da gaskiya a nan, na'ura ta canza kuma ana nan ana bincike. Amma har yanzu shawarar manyan ƙungiyoyin likitocin kansa tana nan yadda na faɗa. Tambaya ɗaya zan yi miki 'yar'uwa. Kwanciyar hankalin nan da kike saya, kwana nawa take yi miki?

Ummu Aiman:
Hmm. Sati uku. In ta yi ƙarko wata guda.

Hajiya Babba:
Ashe ke sau huɗu a shekara kike shiga abin da Maman Hassana ke shiga sau ɗaya.

Ummu Aiman:
Haka ne Hajiya, amma ba zan iya bari ba. Ƙanwar babata haka aka yi ta ce mata lafiya lau, je ki dawo baɗi. Ba ta ga baɗin ba. Zan dai nuna wa likitana hotunan in ji me zai ce, don gaskiya bai san ina yi ba.

Sista:
Wannan ɗin ki yi shi, don Allah.

Anti ke kuma, takardar nan da kika ninke, ba lallai ne duka huɗun su zama dole ba. Kina da damar ki dubi likita ki ce, "Likita kuɗina ba zai kai ba, wanne ne ba makawa?" Yawancinsu za su zaɓa miki. In asibitin yana da ofishin walwalar marasa lafiya ki nemi ganinsu, kar ki ji kunya. Amma tsaya, ƙwayarki fa? Kina sha?

Anti Mai Kayan Miya:
Ta ƙare tun bayan babbar sallah. Ban sake saya ba.

Sista:
To wannan ta fi hoton damuna. Tamoxifen shekara biyar ake sha, wasu har goma, kuma ita ce mai gadin ƙofa. Irin kansar da sinadarin jikin mace, istirojin, ke ciyarwa tana iya yin lamo shekara takwas, goma, har fiye, sannan ta ɗago kai. Shi ya sa zancen "in kin cika shekara biyar kin tsallake" bai hau kan kowa ba. Kar ki je kemis ki saya ki ci gaba da kanki bayan wannan tazarar, ki bari likita ya gan ki tukuna. Ku kuma masu shan ta, wadda ta ga jinin da ba na al'ada ba, musamman bayan al'ada ta ɗauke, ta je a duba mahaifa, kar ta jira ranar kilinik.

Maman Hassana, ga ma'aunin da nake ba mutanena. Ciwo sabo da ya kafe a wuri ɗaya, ya haura sati biyu, yana ƙaruwa ko yana tashin ki daga barci, wannan a kawo shi ko ranarki ba ta zo ba. Haka sabon ƙulli, ko ramar da ba ki san dalilinta ba. Tari biyu da asuba cikin ƙurar Kano kuwa, ki sha ruwan ɗumi. Lalube kuma sau ɗaya a wata ya isa. Ki bar hammatar nan ta huta.

'Yar Maraɗi:
Sannunku da hira 'yan'uwa. Mu nan abin da ke gajiyar da mu hanya ce. Kafin 2021 babu injin gashi a Nijar, sai an fita waje. Yanzu akwai a Yamai, amma daga Maraɗi sama da kilomita 600 ne, yini guda cikin mota. Ni a Kano aka yi mini magani don ta fi kusa da mu. Randebu nawa, wato ranar ganin likita, ya faɗo watan Satumba 2023, iyaka na rufe bayan juyin mulki. Na zauna da takarda a hannu ina kallo. Daga baya na yi sikanar a nan ƙasar, lokotoron da ya karanta ya ce ya ga tabo a huhu, amma ba shi da tsohon hoto da zai gwada da shi, don tsohon yana can Kano. Wata shida na yi da tabon nan a zuciya, ko tuwo na ɗauka sai in ji shi. Da aka buɗe iyaka a Maris 2024 na taho, lokotorona ya jera tsoho da sabo, ya ce tabon yana nan tun hoton farko, ko motsi bai yi ba. Minti biyu ya gama maganar da ta ci mini wata shida. Tun ran nan kowane hoto da faifansa da takardarsa suna cikin wata jaka ƙarƙashin gadona, kuma na ɗauke su duka a waya. Kar ku bar wa kowa na ainihin, ko wane ne.

Ɗan Sakkwato:
Wagga magana gaskiya ta. Ni ba daji gare ni ba, ciwon hanta na B na, amma duk wata shidda sai an aza mini na'ura bisa ciki an ɗebi jinin AFP, don wanga ciwo shi ka jawo dajin hanta. Yayana da shi yat tafi, sai da ciki ya kumbura munka sani. In tsoro ya taso mini sai in tuna shi ko wanga tsoron bai samu ba.

Autar Zaure:
Ni tawa matsalar daban ce, ku ba ni shawara. Dajin kaluluwa na yi ina aji uku a jami'a, Hodgkin, wanda aka ce yana cikin masu jin magani sosai. Yanzu akwai mai nemana. Ya san na yi ciwo, amma bai san har yau ina zuwa ana duba ni ba. Gwaggona ta ce in rufe bakina, an warke an warke, in danginsa suka ji ana zuwa asibiti cewa za su yi ciwon yana nan. Ranar kilinik ce masa nake na tafi gidan ƙawata. In faɗa ko in yi shiru?

Baban Sadiq:
Faɗa masa 'yata, kuma tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa. Bencin asibitin nan shi zai riƙa zama a kai tare da ke, gara ya san da shi.

Anti Mai Kayan Miya:
A'a Malam, ku maza da sauƙi kuke faɗa. Ni da idona na ga wadda aka fasa aurenta saura sati biyu, saboda katin asibiti da ƙanwar ango ta gani a jakarta.

Hajiya Babba:
Ai shi ya sa gara ya ji daga bakinta kafin ƙanwarsa ta kai hannu jaka. Auta ki kira ni bayan la'asar, wannan ba maganar zaure ba ce.

Daren Litinin

Maman Hassana:
Gobe ne. Na yi wa yara kitso duk su ukun, na biya mai kanti bashin da yake bi na, na raba ɗinkin mutane kowa da sunansa a leda. Sai da na gama na tuna da maganar Abu Ammar ta rabon zannuwa, na zauna na yi dariya ni kaɗai. Baban Hassana ya ce zai ajiye ni a babur, amma ba zai iya jira ba saboda kasuwa.

Sista:
Kar ki shafa hoda ko abin hana warin hammata gobe, suna fitowa a hoto kamar farin ɗigo su rikita mai karantawa. Ki sa riga da zani maimakon doguwar riga, sama kawai za ki cire. Ki tafi da hoton bara. Kuma kafin ki baro wurin ki tambaya takamaimai wace rana sakamako zai fito, a hannun wa za ki karɓa.

Hajiya Babba:
Ƙarfe nawa aka ba ki? Jikana zai ajiye ni. Ba abin da nake yi a gida sai faɗa da kaji.

Maman Hassana:
Takwas, Hajiya. Allah ya saka da alheri, har na ji kunya.

Talata da yamma

Maman Hassana:
An yi. Matsewar farantan nan biyu har yau ban saba ba, sai da na yi ƙwalla. Aka ce in jira a waje, can sai aka sake kirana wai za a ƙara ɗaukar wani gefe, daga nan aka wuce da ni ɗakin sikanin aka shafa min ruwan nan mai sanyi. A nan ƙafafuna suka mutu. Matar ta tsaya a wuri ɗaya tana ta danna maɓalli tana aunawa, ni kuma ina kallon silin ina ƙirga tabon ruwan sama. Da na fito na tarar Hajiya ta saye zuciyar duk matan layin da goro, har ta san sunan mijin kowa. Sakamako sai Alhamis.

Alhamis

Maman Hassana:
Jama'a ku taimake ni. Na karɓo takarda, a ƙasa an rubuta BI-RADS 3. Ɗan maƙwabciyata ya duba ya ce wai mataki na uku ke nan. Mataki na uku! Na farkon ma na biyu aka ce min. Jikina rawa yake.

Sista:
Tsaya! Sallami yaron nan ya tafi gida. Wannan lambar ba matakin ciwo ba ce ko kaɗan, ma'aunin masu karanta hoto ne, daga 0 zuwa 6. In aka sa 1, ba a ga komai ba. In 2 ne, an ga abu amma an tabbata ba daji ba ne. A 3 an ga abin da kusan tabbas ba daji ba ne, yiwuwar ya zama shi ba ta wuce 2 cikin 100 ba. Sai a 4 da 5 ne ake cewa a ɗebi nama a gwada. Abin da aka saba a 3 shi ne a sake hoto nan da wata shida a ga ko ya motsa. Tunda kin taɓa yi, likitanki na iya cewa a ɗebi ɗan nama tun yanzu a huta, wannan tsakaninki da shi ne. Ki kai masa takardar ranar kilinik tare da ta bara. Yanzu dai tashi ki sha ruwa.

Baban Sadiq:
Ni ma na taɓa buɗe tawa a bakin titi, na ga wata kalma na kusa faɗawa kwata. Tun ranar ba na buɗe ambulan sai ina zaune gaban likita.

Litinin

Maman Hassana:
Na ga likita. Ya jera na bara da na bana, ya duba ni da hannu, ya ce mu haɗu nan da wata shida. Alhamdulillah. Amma ku ji fa, na shiga ina fatan a ba ni hutun shekara guda, aka ba ni rabi. Baban Hassana ya ce "ba na gaya miki ba," ya sayo tsire. Na ci, ban ce masa komai ba. A adaidaita sahu kuwa murna da kuka duka na yi, har mai tuƙin yana leƙena ta madubi.

Ummu Aiman:
Barka 'yar'uwa. Da ni ce dai sai an ɗebi naman nan.

Maman Hassana:
Na tambaya. Ya ce a yadda ya gan shi bai ga dalili ba, amma in na ji wani canji in zo ko rana ba ta yi ba. Na yarda da shi, na dai san watan biyar zan dawo muku tsakar dare.

Abu Ammar:
Allah ya sa wata shidan nan su zo da alheri, Yaya. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Anti Mai Kayan Miya:
Sista, in mutum ya yi wata 14 bai je ba, faɗa za su yi masa? Katina ma ɓera ya ci gefensa, rabin lambar ce ta rage.

Sista:
Za su ɗan yi, ki toshe kunne, ba ya wuce minti ɗaya. Takardar da kika ninke tana nan? Lambar fayil tana samanta.

Anti Mai Kayan Miya:
Tana cikin lalita har yanzu. Bari in ga yadda kasuwar Laraba za ta kasance. Ban yi alkawari ba fa.

Hajiya Babba:
In kin shigo ki sauka wurina, akwai katifa. Ki taho min da busasshen tattasai, na nan garin duk gauraye ne.